Zuciyata ta yi sanyi wajen addu'a, yaya ake dawo da ƙishin Ubangiji?

Talatu_SG ta rubuta:

Salama 'yan'uwa cikin Almasihu. Don Allah shawara nake nema, abin ya daɗe yana cina a rai. Ni 'yar cocin ECWA ce a nan Sabon Gari, ina cikin mawaƙa, ina koyar da yara ran Lahadi da safe, taron addu'a na tsakiyar mako ma ba na fashi, duk wanda ya ganni zai ce ai wannan ta riƙe Ubangiji hannu bibbiyu, amma ciki fayau yake. Lokacin da aka yi min baftisma in na buɗe Littafi Mai Tsarki ba na son rufewa. Yanzu kuwa in na durƙusa bakina ne kawai ke motsi, hankalina na can shago, wa ya karɓi kaya bai biya ba, kuɗin haya ya kusa, kuɗin adaidaita ya ƙaru. Ran Lahadin nan muna tsaye muna rera waƙa, matar da ke gefena hawaye na zuba har kan littafin waƙarta, ni ko ɗis ban ji ba. Wahayin Yahaya 2:4 ke ba ni tsoro, inda aka ce wa ikilisiyar Afisa ta bar ƙaunarta ta fari, alhali an yaba mata aiki da haƙuri. To ƙishin nan mutum ne ke nemo shi ko kuwa kyauta ce sai an ba ka? In nemowa ake, ta ina zan fara?

Yohanna_Nomansland ya rubuta:

'Yar'uwa ba ke kaɗai ba ce, yawancinmu matasa haka muke fama. Ni dai abin da zan ce ki fara dubawa waya ce. In kin farka me kike fara taɓawa? In WhatsApp ne da Facebook to kafin ki ce Ubanmu wanda ke sama kanki ya riga ya cika da maganar mutane. Ki daina karanta Littafi a waya, ki ɗauko na takarda, wayar ki bar ta a wani ɗaki. Sannan ki sa azumi ko na kwana 3 ne. Irmiya 29:13 ai a fili yake, za a same shi in an neme shi da dukan zuciya, ba da ragowar da waya ta bari ba.

Maman Bulus ta rubuta:

Yohanna ɗana, maganar waya gaskiya ce, amma azumin nan a dakata tukuna. Ka sake karanta abin da ta lissafa, waƙa, koyar da yara, taron mako, ga shago tun safe har yamma cikin zafin garin nan, yarinyar nan a gajiye take. Ka tuna Iliya a 1 Sarakuna 19, bayan duk abin da ya faru a Dutsen Karmel ya gudu jeji ya zauna gindin itace yana roƙon mutuwa. Me mala'ika ya yi masa? Bai yi masa wa'azi ba, abinci da ruwa ya ajiye masa, ya ci ya koma barci, aka sake tashinsa ya ƙara ci, sannan ya iya tafiyar kwana 40 zuwa Horeb inda Ubangiji ya yi masa magana.

Talatu 'yata, ki saurare ni. Wanda zuciyarsa ta mutu ba ya zama ya rubuta irin abin da kika rubuta, ko damuwa ba ya yi. Wannan ciwon da kike ji na rashinsa, shi ne ƙishin. Ki je Zabura 42, wadda ake son rerawa saboda barewa da ruwa, ki karanta ta har ƙarshe, za ki ga mai waƙar ba a cikin daɗi yake ba, hawaye ne abincinsa dare da rana, mutane na ce masa ina Allahnka, yana tuna lokacin da yake jan taro zuwa ɗakin Ubangiji da murna, kuma sau biyu yana tambayar ransa don me ya karai. Duk da haka an sa ta cikin Littafi don irinki. Mu da muka yi girki da gawayi mun sani, da safe sai ka ga toka kawai a murhu, amma in ka tona akwai garwashi, ba a zuba masa manyan itace lokaci ɗaya, a hankali ake hurawa.

Abin da zan ce ki yi, ki je wurin shugabanku ki roƙa a sauke miki aiki ɗaya na ɗan lokaci, ba kunya a ciki, Marta ma, wadda ta sauki Yesu a gidanta, hidima ce ta ɗauke mata hankali ba zunubi ba. Sai ki tsai da lokaci guda da wuri guda. Ni tun ina amarya kiran asuba na masallacin bayan gidanmu shi ke tashina, maƙwabtana su nufi sallarsu ni in shimfiɗa zani a ƙofar kicin in zauna da tocila, lokacin gari shiru, ba janareto ba hon. Markus 1:35 ya nuna Yesu da kansa da sauran duhu yake fita. Zabura ɗaya ta isa, ki karanta ta a bayyane da bakinki, ki gaya masa gaskiya, ki ce Uba ga ni ban ji komai ba amma na zo. Wata rana za ki ji wani abu, wata rana ba za ki ji ba, ke dai a same ki a wurin.

Monika_Fatima ta rubuta:

Ni 'yar Katolika ce, a cocin Fatima nake zuwa, amma na ga ya kamata in sa baki. Mada Teresa ta Kalkata ta rasu a 1997, da aka buga wasiƙunta a 2007 sai duniya ta gane ta yi kusan shekara 50 tana jin kamar Allah ya yi mata nisa, kuma ba ta daina addu'a ko ɗaukar marasa lafiya daga titi ba. Tun da na ji haka na daina auna ƙaunata da hawaye. Ina miki addu'a 'yar'uwa.

Baba Dattijo ya rubuta:

Matan nan sun faɗi gaskiya, ni zan ƙara abu ɗaya ne mai ɗan ɗaci. Ba kullum gajiya ke kawo bushewa ba, wani lokacin zuciya ce ta rabu biyu, kuma dukan zuciya da ake magana ba yawan kuka ba ne, shi ne kada a ware wani ɗaki a kulle a ce Ubangiji kada ya shiga nan. Ga 'yan kasuwa sau da yawa ɗakin nan ciniki ne, ƙaryar farashin sari, ɓoye aibin kaya. Ga wasu kuma gaba ce. Matiyu 5:23-24 ya ce in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana a kanka, ka bar baikon nan gaban bagade ka je ku shirya tukuna. Ban ce kina da ko ɗaya ba 'yata, ki dai bincika.

Mahaifina Bamaguje ne daga ƙauyen kudancin Kano, da girmansa ya koyi karatu a ajin dare don kawai ya iya karanta Littafin Hausa da kansa, tsohon juyin nan na 1932. Yana bin layi da yatsa a gaban aci-balbal, aya ɗaya sai ta ɗauke shi lokaci mai tsawo, amma in ya gane ta gobe sai ka gan ta a aikinsa. Da ya karanta wannan wurin na Matiyu, da sassafe ya tafi gidan ƙaninsa da suka yi shekaru ba sa ga maciji kan iyakar gona. Mu yanzu karatu ya yi mana sauƙi, biyayyar ce ta yi nauyi.

Talatu_SG ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Ubangiji ya sāka muku. Mama zan yi yadda kuka ce, zan yi wa shugabar mawaƙa magana, Yohanna wayar ma na ji. Baba kun taɓo wurin. Akwai wata a cikin mawaƙa da muka samu saɓani kan kuɗin adashi, a jere ɗaya muke tsayawa amma ko gaisuwa ba ma yi, kuma har ga Allah ni aka cuta. Duk da haka ni zan fara zuwa? In na je ta wulaƙanta ni fa?

Maman Bulus ta rubuta:

E ke za ki fara 'yata. Kada ki tura saƙo a waya, ki taka ki je gidanta da yamma bayan an tashi kasuwa, kuma kada ki je da lissafin wa ya ci wa, ki gaishe ta ki ce gabar ce ta ishe ki. Maganar kuɗin ba a ce ki yafe ta dole ba, in ba ku daidaita ku biyu ba sai ki nemi wata babba a Zumuntar Mata ta zauna da ku. In ta wulaƙanta ki kin yi naki. Ki yi ƙoƙari ki je kafin Jibin Ubangiji mai zuwa, kuma ki dawo nan ki gaya mana yadda kuka yi.