Neman kalma: surpoids da obésité, duka "ƙiba" za mu ce?

Salamu alaikum ƴan uwa, a taimaka min. Muna shirya emisiyon a radiyo nan Yamai kan ciwon dajin babban hanji da dubura, likitan da zai zo ya ce don Allah kada mai fassara ya haɗe mishi kalmomin Faransanci surpoids da obésité ya ce ƙiba kawai. Yadda suke lissafi, kilon mutum ake rabawa da tsawonshi a metir, a sake rabawa da tsawon, in ya ba da 25 zuwa ƙasa da 30 surpoids ke nan, daga 30 zuwa sama obésité. Yawan kitse yana ƙara haɗarin kamuwa, hukumar binciken kansa (ciwon daji) da ke Lyon a Faransa, reshen hukumar lafiya ta duniya OMS, ta sa wannan ciwo cikin kansa 13 masu alaƙa da kitse a 2016. Amma in mutum ya riga ya kamu maganar ta canza, wani bincike a Kaliforniya a 2016 ya ga masu lamba wajen 28 sun fi daɗewa a raye, waɗanda mutuwa ta fi ɗauka su ne masu ƙasa da 18.5 da masu 35 zuwa sama. To kun ga kalma ɗaya ba ta ɗaukar duka biyun.

Wani daga Tawa: Wa alaikumus salam ƙanena, mi ad da wuya nan? Obésité teɓa ce, haka munka taso muna ji. Surpoids kuwa ka ce mutum ya yi jiki.

Wata malama: Kawu teɓa zagi ce wallahi, hajiyar da ke saurare tana jin an ce mata mai teɓa za ta murɗa tasha. Ita kuma ƙiba yabo ce a wurinmu, amarya ta dawo ganin gida a ce kai masha Allah aure ya karɓe ki, ga ƙwayoyin ƙiba ana ta saida ma ƴan mata a kasuwa, in kuka ce masu ƙiba sun fi daɗewa ai kun yi musu talla kyauta.

Wani infirmiye: Malama ta yi gaskiya, kuma a yi hattara da wannan lambar 28 ɗin. Ciwon shi ke cinye mutum tun kafin a gano shi, mutum yana ganin jini a bayan gida wata da watanni yana cewa basir ne yana shan jiƙo, wando ya fara zamewa yana ƙara huda bel, kafin ya iso lopital ya zube, to dole ramammu su fi mutuwa a lissafi, ciwon ne ya yi nisa. Sannan sikeli bai san kitse da tsoka ba. Akwai mai tumbi da hoton sikanar na asibiti ke nuna tsokarshi ta narke, irinsu tiyata da shimiyo, wato magungunan kashe kansa, sun fi wahalar da su. Ni da ni ne sai in sa kitse cikin kalmar.

Na Tawa: To a ce mugun kitse mana.

Malama: A'a kawu, sai a ɗauka na mahauta ake nufi.

Mai tambaya: Na gode kwarai. Ya yi jiki ma yabo ne kawu, shi ya sa na bar shi. Surpoids zan ce ƙarin nauyi, ba yabo ba zagi kuma kowa ya san sikeli. Obésité kuwa ƙiba mai cutarwa, muguwar ƙiba ta fi daɗin faɗi amma ta yi kusa da teɓa. Maganar tsoka likita zai yi bayaninta da bakinshi.

Infirmiye: Ya yi. Amma ku ba maganar basir minti biyar cikakku, kuma ku faɗi cewa akwai cibiyar yaƙi da kansa nan Yamai, mutanen ƙauye da yawa ba su san da ita ba.