Sai na goge Ubuntu kafin na koma Xfce?

Dan_Kiyawa:
Assalamu alaikum, dan Allah masana a taimaka min. Ina da wata tsohuwar laftof mai RAM 4GB, yayana ne ya sa min Ubuntu 22.04 (wani nau'in Linux) a kai, da ita nake buga wa mutanen ƙauyenmu takardu, katin ɗaurin aure, jarrabawar firamare da sauransu. To matsalar nauyi, da na buɗe Firefox da LibreOffice tare sai ta tsaya cak fanka na ta kuka, ga shi da sola nake caji. An ce min GNOME ne ke cinye ta wai akwai Xfce mara nauyi. Sai na goge komai ne? Takardun mutane nake ji wa tsoro wlh, kuma netwok a nan sai na shiga Dutse.

Malam_Gwarzo:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ƙanina, ba abin da za ka goge. GNOME da Xfce da KDE Plasma duk riguna ne kawai, wato fuskar da kake gani a allo, jikin Ubuntu ɗaya ne, takardunka na nan inda ka bar su. Buɗe Terminal ka rubuta sudo apt install xfce4, in ya gama ka fita daga akawun ɗinka, a wajen sa fasuwod in ka danna sunanka za ka ga wata ƴar alama kamar giyar keke a ƙasa ta hannun dama, danna ta ka zaɓi Xfce. Gobe in ka yi kewar GNOME nan dai za ka koma ka zaɓe shi. Amma in kwamfutar na shiga da kanta ba tambayar fasuwod to wannan shafin ba zai fito ba sai ka fita da hannu.

Injiniya_Hadejia:
Gaskiya ne abin da Malam ya faɗa, sai dai tunda data ce matsalarka kar ka kuskura ka rubuta xubuntu-desktop, wannan da tarkacensa duka yake zuwa. Kuma kar zumuɗi ya sa ka cire GNOME. Ni na taɓa yi, autoremove, umarnin share ragowar manhajoji, ya kwashe har da GDM, wato shafin sa fasuwod, na kunna sai baƙin allo, da Ctrl+Alt+F3 na samu na shiga na gyara, ranar ban yi barci ba. Wajen sauke xfce4 in ya tambaye ka wane shafin sa fasuwod kake so tsakanin gdm3 da lightdm bar shi a gdm3, shi ne GDM ɗin. Za ka ga abubuwa bibbiyu, kamar manhajar buɗe fayil, ga Thunar na Xfce ga Nautilus na GNOME, ba lalacewa ba ce. Sannan Firefox cin RAM ɗinsa na nan ko a ina, rage shafukan da kake buɗewa.

Maman_Ilham:
Ƙarin bayani ɗaya, tunda Hausa kake bugawa. Saitin kibod ɗin GNOME ba ya bin ka zuwa Xfce, ni sai da ƙ da ɗ da ɓ suka ɓace min. Shiga Settings, Keyboard, Layout, kashe Use system defaults ka ƙara Hausa ta Najeriya.

Dan_Kiyawa:
Allah ya saka da alheri, Hajiya da ba ki faɗa ba da na sha wahala. Jibi zan shiga Dutse in sauke a can. Malam tambaya ta ƙarshe, firintata sai na sake saita ta?

Malam_Gwarzo:
A'a, wata manhaja daban mai suna CUPS ce ke riƙe da firinta ba GNOME ba, za ka same ta yadda ka bar ta in sha Allah.