Wane suna za mu ba Pedum spondyloideum da Hausa?

Halittar da muke nema wa suna dabbar teku ce mai ɓawo biyu, wadda masanin halittu Gmelin ya fara bayyana ta a 1791, kuma ana samun ta a Bahar Maliya da Tekun Indiya da yammacin Tekun Pasifik. Da yawa daga danginta sukan yi iyo ta hanyar buɗe ɓawonsu da rufe shi da sauri, amma ita tun tana ƙarama take manne wa murjani mai rai (wato ƙananan halittun teku masu taruwa su gina dutse), galibi nau'in Porites, da wasu zaruruwa masu ƙarfi. Murjanin yakan ci gaba da girma har ya kewaye ta, sai ta ƙare rayuwarta a cikin siririyar tsaga. Mai nutso ba ya ganin komai sai leɓɓanta masu ƙyallin shuɗi da kore, da jerin ƙananan jajayen idanu a gefensu.

An kawo shawarar "kifin murjani", sai dai ba kifi ba ce. Katantanwa ma ba ta shiga ba, domin ita katantanwa ɓawonta ɗaya ne a murɗe.

Shawarar da ta fi jan hankali ita ce "mahaƙar murjani", kuma ita na fi ƙi. Wannan dabba ba ta haƙa. Murjani ne yake gina kansa a kewayenta. Akwai masu haƙar na gaskiya, wato wasu masu ɓawo biyu da ake kira Lithophaga, waɗanda suke huda dutsen murjani su shige, kuma su ya kamata a ajiye wa wannan suna. Bugu da ƙari, masana sun lura cewa idan tauraron teku mai ƙaya, wanda yake cin murjani, ya matso, takan fesa masa ruwa da ƙarfi, har murjanin da ke kusa da ita ya tsira. Bai dace a laƙa mata sunan maɓarnaciya ba.

Ni dai na tsaya a kan "ƙumbar murjani". Hausa ta riga ta san ƙumba a matsayin ɓawon irin waɗannan halittu na ruwa, kuma sunan ya faɗi mazauninta ba tare da ya yi mata ƙage ba. Wani zai ce murjani a kunnen Bahaushe jan dutsen ado ne. Gaskiya ne, amma shi ma daga wani nau'in murjani mai rai na Bahar Rum ake samo shi, saboda haka faɗaɗa kalmar ba zai rikita kowa ba. A rubutun ilimi, a haɗa shi da sunan Latin a ambato na farko.