Shawarar 'yan majalisa kan kamfanin tafiye-tafiyen nan

Jiya a majalisarmu ta Wunti ƙanina ya kawo maganar kamfanin da zaka biya kuɗin rajista, wai ka samu rangwamen otal da tikitin jirgi, sannan ka kawo mutum biyu suma su kawo nasu. Yawanci bakinsu ɗaya, a duba ina ribar ke fitowa, in daga aljihun sabbin shiga ne to mun ga MMM, tsarin zuba kuɗin nan da ya cinye kuɗin mutane, a 2016. Malam yace takardar hukumar rajistar kamfanoni ta CAC kaɗai bata isa ba, in sun ambaci Umara a nemi lasisin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON. Wani ya buɗe waya ya gwada farashin otal ɗin, kusan ɗaya da na intanet. Ni dai nace wa ƙanin nawa, kai da ko Yankari baka taɓa zuwa ba, rangwamen Dubai na me?