Wai daga V-boot Marsandi ta ƙare?

Baba Direba: Salamu alaikum. Na faɗa a majalisa, a nan ma zan maimaita: tun da aka daina ƙera V-boot, wato Marsandi samfurin W124, suna kawai Marsandi take ci. Ta gabanta ma, W123, wadda aka fara a 1976, sai da aka yi kusan miliyan 2.7, kuma har gobe tana tasi a ƙasashen Afirka. Wace ta yanzu za ta kai shekara arba'in a titi?

Ɗan Boko: Baba, a gafarce ni, kewar ƙuruciya ce ke damun ka. Kamfanin da tushensa ya faro daga motar Carl Benz mai ƙafa uku a 1886, ya haɗe da na Daimler a 1926, kake so ya tsaya cik a kan mota ɗaya? Ita V-boot ɗin, W124, ita aka raɗa wa E-Class a 1993. Zuriyarta na nan.

Baba Direba: Yaro, suna linzami ne, amma ba ya jan mota.

Bakanike: Ku bar ni in shiga, don hannuna ne ke cikin baƙin mai. Baba yana da gaskiya rabi. Bayan Toyota ta fito da Lexus LS400 a 1989 da farashi mai rahusa, Jamusawa sun shiga rage kuɗin ƙira. Mai ido huɗun nan, W210 ta 1995, tsatsa ta ci ta ƙwarai, ƙofofi da bakin tayoyi. Sai ga auren kamfanin Marsandi da Chrysler na Amurka a 1998, aka rabu a 2007 ba daɗi. Amma Baba, V-boot ɗin ƙarshe-ƙarshe fa? Rigar wayoyin injinta marmashewa take kamar busasshen ganye. Na sauya su ba adadi, mai mota yana tsaye yana salati.

Hajiya: Ni tambayata ɗaya. Ƙarko kuke nema ko rai? Birkin ABS, mai hana tayoyi ƙamewa in an taka birki, a S-Class Marsandi suka fara sa shi a 1978, kuma ta yanzu jakar iska ta kewaye ka. In tirela ta shigo hannunka, a wacce ka fi so a same ka?

Baba Direba: Hajiya, rai na Allah ne. Ni dai tawa in ta tsaya a daji, sifana da filaya sun ishe ni. Taku sai an kawo kwamfuta ta yi mata duba.

Bakanike: Nan kam ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Laifin ba na motar ba ne kaɗai. An ƙera ta don mai tsaftatacce, mu kuma mu ɗura mata na bumburutu, mu sayo ta Kwatano ta riga ta tsufa, sannan mu zagi Bajamushe.

Ɗan Boko: To ga G-Class, jif ɗin Marsandi, tun 1979 ake yin ta a Graz ta Ostiriya, siffarta kusan ba ta canza ba. Baba ya saya mu huta.

Baba Direba: Turo kuɗin, gobe in je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa in tambayi farashin fitilarta tukuna.