Steelhead na hunturu, wane kogi za mu nufa bana?

Sabon Zuwa: Salamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawara, na yanki lasisin kamun kifi na nan jihar Washington sai aka haɗo min da wani kati wai na rubuta kamu, kuma ina so in gwada steelhead, kifin nan dangin salmon da ke hawowa kogi daga teku, kafin sanyin nan ya wuce. Wane kogi ya fi, kuma a ina ake ganin abin da mutane ke kamawa?

Kawu na Tacoma: Wa alaikumus salam ɗana. Katin nan kar ka yi wasa da shi, in ka kama steelhead ka riƙe to nan take a bakin ruwa za ka rubuta kafin ka sake jefa ƙugiya, ka tafi da biro. Shekarar lasisi tana ƙarewa 31 ga Maris, sai ka mayar wa WDFW, hukumar kifi da namun daji ta jihar, katin zuwa 30 ga Afrilu ko da ba ka kama komai ba. In Disamba ko Janairu kake so, nufi kogin Bogachiel kusa da garin Forks, lokacin kifin gidan ƙyanƙyasa ke shigowa. Kogin Cowlitz wajen Blue Creek ta fi kusa da mu amma nata ya fi kankama daga Fabrairu zuwa Maris, kuma kamfanin lantarki na Tacoma Power na fitar da rahoton kifin da ya iso duk mako.

Ɗan Yawuri: Ƙari a kan maganar Kawu. A shafin WDFW akwai alƙaluman da ma'aikatansu ke tattarowa daga bakin masunta, Hoh, Sol Duc, Calawah, Bogachiel duk za ka gani, amma dan Allah kar ka tsaya kan yawan kifin kawai, nan ne mutane ke ruɗuwa. Duba awa nawa aka yi a ruwa. Misali a ce kogi ɗaya an kama 30 a awa 900, wani an kama 10 a awa 150, ai na biyun ya fi ko da lambarsa ƙarama ce. Sannan ka raba na cikin kwale-kwale da na tsaye a gaɓa, don in ba ka da jirgi lambar masu jirgi ba taka ba ce. Kuma rahoton labarin jiya ne fa, ruwan sama na dare ɗaya a yankin Hoh ya isa ya mayar da kogin kamar kunu, shi ya sa kafin in tada mota nake duba ma'aunin ruwa na USGS, hukumar gwamnatin tarayya da ke auna ruwan koguna, in ya cika ya fara sauka launinsa ya koma kore-kore to ranar ce.

Sabon Zuwa: Na gode yaya. To yaya zan bambance na ƙyanƙyasa da na daji?

Maman 'Yan Biyu: Duba bayansa kusa da wutsiya akwai ɗan ƙaramin fiffike mai tsoka. In an yanke shi wurin ya warke, na ƙyanƙyasa ne. In yana nan na daji ne, sakinsa za ka yi kuma kar ka ciro shi gaba ɗaya daga ruwa ko don hoto. Ka sauke manhajar Fish Washington ka duba da safen ranar, dokar gaggawa kan sauya abu ana tsakar kakar kamu, wasu kogunan ma an hana sa ƙwan kifi ko tana, sai ƙugiya mai baki ɗaya marar ƙaya.

Direba: Ni fa gaskiya in ma'aikatan WDFW masu tambayar masunta suka tare ni ba na faɗa musu komai, ina jin da bakinmu suke rufe mana koguna.

Maman 'Yan Biyu: Haba malam, kar ka koya wa yaro haka. Bara mun fito daga ruwa da maigida hannuna ya sandare ko zif ɗin riga na kasa ja, ga wata yarinya ma'aikaciya tsaye cikin yayyafi da allonta a leda tun asuba, tambaya kaɗan ta yi, ƙarfe nawa muka fara, mun riƙe nawa, mun saki nawa. Awa shida ba mu kama ko ɗaya ba kuma haka ta rubuta, ko minti biyu ba a yi ba.

Kawu na Tacoma: Hajiya ta yi gaskiya. Da wannan lissafin ake ƙiyasta na dajin da ke mutuwa bayan an sake su, kuma kifin ba namu kaɗai ba ne, tun hukuncin da alƙalin tarayya Boldt ya yanke a 1974 ƙabilun asali irin su Quileute da Hoh da Quinault suna da rabin abin da aka yarda a kama, tare ake zama a tsara kaka. In babu lamba mai kyau hukuma tsoro take ji ta gwammace ta rufe da wuri. Steelhead na yankin Puget Sound, inda Tacoma take, tun 2007 suna jerin masu fuskantar barazana, ba na son na gaɓar teku su bi sahu.

Direba: To Kawu na ji, zan riƙa tsayawa.

Ɗan Yawuri: Ƙanena in ruwa ya sauka Asabar zan tafi Forks, akwai wuri a mota. Ina da wandon roba na shiga ruwa guda biyu, turo min lambar takalminka.