Hanin kamun kifi a Matan Fada: kare kifi ne ko tanadin biki?

Malamin firamare: Salamu alaikum jama'a. Jiya a majalisa na ce hanin kamun kifi da Sarkin Ruwa ke yi a Matan Fada, kogin da ake bikin kamun kifi a cikinsa, shi ya bar mana manyan kifi a Argungu, wani ya ce tanadin biki ne kurum. Ina nan kan bakana. Ba don ana hana su a wurin har shekara ta zagayo ba, ina za a samo kifi mai kilo 78 irin na 2020?

Ɗalibi: Allah gafarta Malam, ni ina bayan mutumin can. A tara kifi shekara guda, rana ɗaya dubban mutane su auka ruwa da homa, wato ragar kamun kifi ta hannu, da gora, cikin awa guda a tsamo manya. Ai kiwon ragon layya ke nan. Kuma manyan nan su suka fi zuba ƙwai.

Tsohon masunci: Ɗana, ka taɓa riƙe homa? Hannu ke tura ta, ba ta share gindin ruwa yadda taru ke yi. Wanda ya tsere ya fi wanda aka kama. Ka bar bikin nan, ka zo in nuna maka mai kashe ruwa. Bara a wani tafki na iske yara suna jan gidan sauro, wannan dai da ake rabawa a asibiti. Na leƙa kwanonsu, 'ya'yan karfasa ne fal, ko farcen babban yatsa ba su kai ba. Ga masu zuba gamalin, maganin ƙwarin nan, a ruwa da dare, gari ya waye kifi duk ciki sama, har kwaɗi. Wa ya isa ya yi haka a Matan Fada?

Mai bandar kifi: Gaskiyarka Baba. Ni da ke gaban wuta kullum na sani. Da, ragon ruwa ɗaya sai ya cika mini faranti. Yanzu rabin abin da nake bandawa tarwadar gona ce. Kifin yauni kuwa sai in yi wata ban sa shi a ido ba.

Ɗalibi: To Hajiya ai kin ba ni gaskiya. In hanin na aiki, ina yaunin ya tafi? Kifi ba ya zama wuri ɗaya. Da damina yake bin ambaliya ya shiga fadama ya yi ƙwai, 'ya'yan su tashi cikin ciyawa. Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978, aka ƙara ta Goronyo a kan Rima, ruwan fadama ya koma hannun masu buɗe ƙofa. Sarkin Ruwa ba shi da iko a can.

Malamin firamare: Wannan na yarda. Amma wace doka ta gwamnati kan kamun kifi aka taɓa bi kamar hanin Sarkin Ruwa? Tun 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu ake bikin, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Mutum zai lallaɓa ma'aikaci, amma ba ya son a kira sunan gidansu a fada.

Tsohon masunci: Kunyar nan ita ce maganin, Malam. Da za a ji tawa, sarakunan ruwan da ke bakin gulbin nan su haɗa baki, a ajiye taru wata biyu in ruwa ya hau fadama.

Mai bandar kifi: Wata biyu Baba? To masuntan me za su ci, ni kuma me zan ɗora a wuta?

Tsohon masunci: Lokacin noma ne 'yata, duk muna gonar shinkafa. Ke dai ki daina sayen ƙananan nan a hannun yara.

Mai bandar kifi: In na ƙi, ta kusa da ni za ta saya.